Sifana a Hannun Kuloci

Bunkure, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga Kawu Muntari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, yaya Legas, yaya kunnen? Inna tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, sai dai zaman takaba ya sa ta rame, ba ta cin abinci sai an tsaya a kanta. 'Yar'uwata Kulu ta koma ɗakinta a Garun Mallam, saura ni da Inna a gidan. Ta'aziyyarka ta iso mu tun watan da Baba ya rasu, ni ce ban samu nutsuwar amsawa ba. Yusuf direba ya ce har yanzu ko an buga maka waya ba ka jin abin da ake faɗa, shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar gona ce, Kawu. An yanke shinkafar da Baba ya dasa kafin ya kwanta ciwo, fili ya bushe. Ƙungiyar manoman rani ta sanar za a saki ruwa a kanal ɗinmu ƙarshen watan nan, da zarar an gama yashe. Na yi rainon tumatir a bayan gida, ya tashi da kyau.

Ranar Juma'a Baffa Usaini ya zo ya zauna a zaure. Ya ce tunda Baba bai bar ɗa namiji ba, kuma ba a raba gado ba, shi ne mai magana a kan gonar. Ya samu wani mutumin Kura da zai karɓe ta haya shekara uku. Ban ce masa ba shi da hakki ba, yana da shi. Na dai ce daga gonar nan Inna take ɗora tukunya, kuma gonar da ta shekara uku a hannun wani ban san yadda take dawowa ba. Muka rabu a kan cewa in ruwa ya zo ya tarar an kafce fili an ja fangali, ni zan noma. In ya tarar da shi yadda yake, mutumin Kura ya shiga.

Manyan taraktoci duk an kama su, layinsu ya wuce ƙarshen wata. Saura Tsohuwa, ƙaramar taraktar nan mai hannu biyu da kai da Baba kuka haɗa tun kuna gareji a Kadawa. Ka san na sha bin bayanta, na iya riƙe ta a fili. Amma cikinta Baba bai taɓa bari kowa ya leƙa ba.

Tana rumfar ƙofar gida yadda ya bar ta. Babu wanda ya taɓa ta, don Baffa ya ce kayan mamaci sai an yi rabo. Ɗakin Baba ma ya kulle shi, da wayarsa da akwatin kayan aikinsa duk suna ciki, makulli yana aljihun Baffa. Da ƙyar ya yarda in gwada taraktar. Na share ta, na kori kaji daga ƙarƙashinta, na kwance wata sifana da Baba ya manta a rataye a hannun kuloci da igiyar kaba, na ajiye a ɗakina. Man injin ya yi baƙi ƙirin. Na buɗe murfin giyabos na tsoma kara, sai na ga mai ya kusa baki, garau, launin shayi marar madara.

Me zan yi kafin in tayar da ita? Ka rubuta mini dalla-dalla, kamar kana gaya wa wadda ba ta san komai ba, don haka nake.

'Yarka,
Aziza

Agege, 7 ga Nuwamba

'Yata Aziza,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Allah ya jiƙan Hammadu, ya ba Innarki haƙuri. Ki ce mata ɗan'uwanta na Legas ya ce ta ci abinci, takaba ba azumi ba ce. Kunne kuwa ya riga mai shi yin ritaya. Likita ya ce zaman gindin janareto ne ya cinye shi. Ni dai na huta da surutun 'yan garin nan, sai in ga bakinsu yana motsi in gyaɗa kai.

Kada ki ɗauki Usaini a matsayin mugu. Tsoro ne da shi. Tun muna samari in an ce a tsallake kanal, shi ne mai riƙe wa mutane takalma. Yana ganin in gonar ta kwana rani guda ba shuka, shi za a zaga a gari. Ki yi masa ladabi, amma ki yi aikinki.

Ga abin da za ki yi. Ki zubar da man injin, ki zuba sabo, kada ki yarda da na kwalba da ake sayarwa a bakin titi. Ki cire matacin iska ki wanke shi, don gizo-gizo da zanzaro suna son wurin. Ki tsiyaye dizal ɗin da ya kwana a tanki, ruwa yana taruwa a gindinsa. Ki danna bel da babban yatsa: in ya nutse sosai, a ja injin gaba kaɗan a ɗaure. Wuƙaƙen kaftu ki kai wa maƙeri ya wasa su, don ƙasar da aka yanke shinkafa a kanta tauri gare ta.

Giyabos kuwa, albishir kika yi mini. In mai garau ne kuma a cike, to Hammadu ya canza shi kafin ya kwanta. Halinsa ne. Duk shekara in an gama kwaɓa laka don dashen shinkafa, ruwa yakan shiga giyabos, mai ya koma kamar koko, shi kuwa ba ya barin Tsohuwa ta daɗe da shi a ciki. Ya yi miki aikin da ya fi wuya kafin ya tafi. Kada ki taɓa wajen. Ki tayar da ita ki shiga gonarki.

In za ki murɗa hannun tayarwa, babban yatsanki ya kasance gefe ɗaya da sauran yatsun. Tsohuwa tana harbi. Ta taɓa karya wa wani ɗan Chiromawa wuyan hannu, kuma har yau bai yafe mata ba.

Kawunki,
Muntari

Bunkure, 12 ga Nuwamba

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Na karanta wa Inna maganar takaba da azumi, ta yi dariya, karon farko tun rasuwar. Ta ce kai ma ka rage shan shayi.

Tsohuwa ta tashi. Na bi abin da ka ce ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa na murɗa tana tari tana mutuwa, har hannuna ya yi kanta, sannan ta kama. Hayaƙi ya cika rumfa, kaji suka watse, matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Inna ta ce daga ɗaki ta ji ƙarar, sai ta ga kamar yanzu zai yi sallama. Ban sa giya ba, na bar ta ta yi ɗumi a tsaye na kashe.

Kayan aiki ne suka ba ni wahala, tunda akwatin yana kulle. Sai da na aro sifanoni wajen mai gyaran babur. Wadda Baba ya bari a hannun kuloci ba ta yi mini amfani ba, ta yi wa notin injin girma. Na bi jikin taraktar ina gwada ta, babu inda ta zauna daidai sai a notin da ke ƙarƙashin giyabos. Na dai mayar da ita ɗakina.

Wuƙaƙe suna wajen maƙeri, ya ce sai bayan kasuwa. Ni kuma koyarwa a makaranta ba ta barina in fita da safe. Don haka ranar Asabar, 22 ga wata, zan shiga. Baffa ya ji labari, ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon rumfar. Tumatir ya fara neman dashe.

Aziza

Agege, 17 ga Nuwamba

Aziza,

Ina gaishe ki da Innarki. Ina lafiya. Ki karanta wannan a tsaye, kada ki ajiye sai anjima.

Kada ki sa wa Tsohuwa giya. Abin da ke cikin giyabos ba mai ba ne, dizal ne.

Da na karanta maganar sifana a takardarki ta biyu, na ɗauko ta farko na sake dubawa. Kin rubuta mini tun a can, ni ne idona ya tsallake layin, hankalina ya tafi kan Usaini. Hammadu bai manta sifanar ba. Tun muna gareji haka muke yi: in ruwa ya shiga giyabos, sai a zubar da gurɓataccen man, a cika shi da dizal har baki, a bar shi ya jiƙa ya narkar da dauɗa. Muddin dizal yana ciki, sai a rataya sifanar notin ƙasa a hannun kuloci, don duk wanda ya kai hannu ya tuna. Ya zuba ne da niyyar ya tsiyaye bayan kwana biyu, ciwo ya riga shi. Man giya ba ya kai baki, kuma ba ya yin garau kamar shayi. Kauri gare shi kamar zuma. Wannan ma kin faɗa mini, ban ji ba.

Dizal ba ya riƙe ƙarfe. In kika sa ta aiki a ƙasa mai tauri, haƙoran giya za su ci juna a bushe, boris ya ƙone.

Ga yadda za ki canza. Ki tsayar da ita a wuri mai daidai, ki sa daro a ƙasa. Ki buɗe murfin sama tukuna, sannan ki kwance notin ƙasa da sifanar nan. Ki bar shi ya tsiyaye har ɗigo ya tsaya, ki ɗan karkata ta gaba da baya. Ki duba abin da ya fito da kuma kan notin. Ki goge shi, in zoben da ke wuyansa ya tsage a yanko wani a fata. Ki ɗaure da ƙarfin hannu ɗaya, ba da ƙafa ba. A gefen giyabos akwai wani ƙaramin noti, ki cire shi. Ki zuba man giya mai lamba casa'in ta sama da mazurari, a hankali, sai kin ga ya leƙo ta ramin gefen. Nan ne iyakarsa. Dizal ɗin da ya fito kada ya je kusa da kanal.

Na san Hammadu, ba ya zubar da tsohon mai sai sabo yana gida. Ki nemi galan.

Yusuf ya riga ya juyo, don haka na ba wani direban albasa da zai bi ta Kura. Na sa maƙwabcina ya buga lambar Hammadu, a kashe, sai na tuna tana ɗakin da aka kulle. Taki ban taɓa tambaya ba, tunda ba ta da amfani a wurina. Ta Usaini na samu a tsohuwar takarda. Maƙwabcin ya gaya masa kada a tayar sai wannan ta iso, akwai matsala a ciki. Ya ce Usaini ya amsa da "to". Ina kallon bakin mutumin yana magana, ban san iya abin da ya isa can ba.

Muntari

Bunkure, 21 ga Nuwamba

Kawu Muntari,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, Inna tana fama da mura kaɗan. Ban ga amsar takardata ta 12 ga wata ba. Yusuf ya zo hannu wofi, ya ce bai same ka ba kafin ya taso.

Ranar Talata Baffa ya tare ni a hanyar makaranta. Ya ce ka bugo masa waya daga Legas, ka ce kada a tayar da Tsohuwa, wai akwai matsala a cikinta. Na tambaye shi wace matsala, ya ce shi ba bakanike ba ne, abin da aka gaya masa ke nan. Na ce, "Baffa, Kawu Muntari da ba ya jin kiran salla, shi ne ya yi maka waya?" Ya ce wani ne ya yi magana a madadinka. Na ce wane ne, ya ce bai tambayi sunansa ba. A ranar kuma aka ga mutumin Kura a bakin gonar yana auna ta da ƙafa.

Na yi ta juya maganar. Ɗayan biyu ne. Ko Baffa ya ƙirƙira don kwanakin su ƙare ina jiran wata takarda, ko kuwa da gaske ne kun yi magana, ya shawo kanka, ka ga 'ya mace ba ta kai ta riƙe gona ba amma ka ji nauyin rubuta mini haka. In na biyun ne, da ka faɗa mini kai tsaye, ba zan riƙe ka ba. Ba kai ne na farko ba.

Abin da nake da shi a hannu rubutunka ne, kuma na san rubutunka. Ka ce, "Kada ki taɓa wajen. Ki tayar da ita ki shiga gonarki." Da shi zan yi aiki.

Wuƙaƙe sun dawo daga maƙera, na ɗaura su. An gama yashe a ɓangaren da ke sama da mu, ana cewa ruwa zai iya riga ƙarshen wata. Tumatir ya fara yin tsayi yana kwanciya, in ya ƙara mako biyu a raino ba zai yi daɗin dashe ba. Ba ni da kwanakin da zan ba kowa.

Gobe da safe zan shiga, in sha Allahu.

Aziza

Agege, 25 ga Nuwamba

'Yata,

Ina gaishe ku. Allah ya ba Innarki lafiya. Yusuf ya kawo mini takardarki ta ranar Juma'a, na karanta, na ga tawa ba ta iso ki ba. Yau Talata, duk abin da zai faru ranar Asabar ya riga ya faru, ni kaɗai ne ban sani ba.

Usaini gaskiya ya faɗa miki. Ni na sa aka buga. Ban koma bayan kowa ba, kuma ban taɓa ganin ba ki kai ba. Wanda ya yi kuskure a nan shi ne wanda ya ce ki tayar.

In ta tsaya, kada ki bari a ja ta da giya a ciki, kuma kada ki bari wani mai gyaran babur ya fasa giyabos. In ba ta tsaya ba, ki tsayar da ita. Hannunki lafiya? Wannan nake son in fara sani. In giya ta cije tana tafiya, hannayen sukan daki mutum a haƙarƙari.

Na zauna a gareji tun safe ban taɓa komai ba. Ki rubuto ko layi biyu ne.

Muntari

Bunkure, 3 ga Disamba

Kawu,

Assalamu alaikum. Hannuna lafiya, haƙarƙarina lafiya. Murar Inna ta tafi. Takardunka biyu duk sun iso. Ka yafe mini abin da na rubuta ranar Juma'ar nan.

Ranar Asabar na fito da ita. Daga gida zuwa gona a giya ta ɗaya, ba ta ce komai ba. Baffa yana kan bakin kanal da mutumin Kura, da wasu da suka zo kallon mace da tarakta. Na sauke wuƙaƙe na sa ta biyu. Layin farko ta ci ƙasa kamar da. A na uku ta fara wani kuka siriri, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Na ce a raina tsatsa ce. A na huɗu na ji ƙas a ƙarƙashin hannuna, ta yi tsalle. Na matse kuloci na kashe.

Wani daga bakin kanal ya ce, "Malama, an tashi makaranta ke nan?" Aka yi dariya. Na taɓa giyabos, ba ya taɓuwa don zafi, ga wani abu kamar ruwa yana zuba ta gindin ƙafafun. Baffa ya sauko, ya tsaya a kaina.

"Na gaya miki."

"Ka gaya mini, Baffa."

"Kika ce na yi ƙarya."

"Ban ce ba."

"Ba ki ce da baki ba."

Ya juya ya tafi. Na rufe ta da tamfol a tsakiyar fili na koma gida.

Ranar Litinin direban albasa ya kawo takardarka, ta yi laushi don zama a aljihu. Motarsa ce ta lalace a Mokwa. Na karanta wa Inna. Da na zo kan sifana sai ta ce, "Au, a rataye take? Ai in ubanki ya rataya ta ko kaza ba ya bari ta hau." Na ce don me ba ta faɗa mini ba. Ta ce, "Ina ɗaki, 'yar nan. Na ga rumfa? Wa ya tambaye ni?" Ta ce galan yana ƙarƙashin gadonsa, ranar da ya sayo shi a Kura ranar zazzaɓin ya fara.

Na je gidan Baffa na durƙusa a zaure. Na ba shi haƙuri, na miƙa masa takardarka. Ya karanta a hankali, ya kai ƙarshe ya koma farko. Ya ce, "Muntari ya ce ni matsoraci ne a nan?" Na ce ba a wannan ba. Ya kalle ni, na gane na yi suɓutar baki. Ya tashi ya ɗauko makulli.

Tun rasuwar ba a buɗe ɗakin ba. Hularsa tana kan ƙusa. Baffa ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba, sannan ya shiga ya durƙusa ya jawo galan, hatiminsa ko tsaga babu. Ya ce, "Ki shaida, wannan kaɗai na fitar." Ya kulle. Shi ya ɗora shi a babur har gona.

Na bi takardarka. Sifanar ta zauna a notin kamar an haife su tare. Abin da ya zubo a daro toka-toka ne, yana ƙyalli da garin ƙarfe. Baffa ya sa yatsa a ciki ya lalubo wani guntu kamar ƙwayar masara, ya ɗora a tafin hannuna. Zoben notin ya tsage, ya yanko mini wani a tsohon takalminsa. Shi ya riƙe mazurari ni na zuba. Man yana sauka a hankali har na ƙosa, ya ce, "Ki bar shi, ba ya son gaggawa. Ubanki ma haka yake." Da ya leƙo ta ramin gefe na ɗaure. Dizal ɗin na juye a jarka na kai gida.

Giya ta ɗaya lafiya. Ta biyu tana ƙwanƙwasa, ban sake kusantar ta ba. Na roƙi hutu a makaranta, na yi ta kaftu a ta ɗaya, tafiyar da ko tsohon da ke zuwa masallaci zai wuce mu. Kulu ta zo da mijinta suka bi bayana suna jan fangali.

Ruwa ya zo ranar Juma'a. Ya tarar na kafce rabin gonar da ɗan ɗori. Ɓangaren da ke kusa da hanya ko taɓa shi ban yi ba.

Alkawarinmu fili duka ne, kuma ban cika ba. Na faɗa wa Baffa haka da bakina a gaban mutumin Kura, don kada a ce na ɓoye a bayan rabi. Mutumin ya ce shi a ba shi duka ko ya fasa shekara ukun. Baffa ya daɗe yana kallon ruwa yana shiga fangalin farko. Sannan ya ce, "To ka fasa. Ka noma na bakin hanya rani ɗaya in kana so. Wannan an riga an jiƙa shi." Mutumin ya karɓa yana gunaguni. Rabin gonar Baba yana hannun baƙo bana, Kawu, kuma ina ganinsa kullum in na ɗaga kai. Amma mun dasa tumatir, ya kama.

Guntun haƙorin yana cikin ambulan nan, na naɗe shi a leda. Ka duba mana irinsa a kasuwar kayan gyara ta wajenku. A ƙasan takardar na rubuta lambata, ka ba maƙwabcinka ya ajiye.

Da na gama aikin na dawo da Tsohuwa rumfa. Na tsiyaye man a galan ɗinsa na tace, na cika giyabos da dizal don ragowar garin ƙarfen ya sauka, na yanko sabuwar kaba na rataya sifanar inda na same ta. Jiya Baffa ya zo da wani abokinsa da ke son aron ta ya kafce ɗan lambunsa. Ina tsakar gida ina jin su. Mutumin ya kai hannu zai kama kuloci, Baffa ya riƙe masa wuyan hannu.

"Ba ka gani a rataye take?"

'Yarka,
Aziza